Kalmar Balaklava a jikin lambar yabo

Masu sabon shiga harkar tara lambobin yabo na Yaƙin Kirimiya, yaƙin da Birtaniya da ƙawayenta suka yi da Rasha, sukan ruɗe da zarar sun ga an rubuta Balaklava, sunan wani filin daga na yaƙin, a ɗan ƙarfen da ke maƙale a ƙyallen lambar. Nan take sai su ɗauka mai ita yana cikin mahayan Birtaniya 600 da 'yan kai da suka yi sukuwa cikin ruwan igwar Rasha ranar 25 ga Oktoba 1854. Ba haka abin yake ba. Duk sojan Birtaniya da ya halarci gumurzun wannan rana an ba shi ɗan ƙarfen, har da dakarun ƙasa na Sikotland da suka tare dawakin Rasha tun da safe.

Abin dubawa shi ne bakin lambar, wato gefenta inda ake rubuta sunan mai ita. Yawancin lambobin an raba su ne babu suna, daga baya wasu suka mayar aka buga musu a hukumance, wasu kuwa maƙeran gari suka sassaƙa musu. A nan 'yan damfara ke samun ƙofa, su kankare suna su rubuta na wani shahararren mahayi. A sa madubin ƙara girma a duba ko bakin ya siranta, sannan a nemi sunan a rajistar rundunar kafin a yi ciniki.