Zango na huɗu ya ɓata min rai wallahi

Haba jama'a, haba! Ni fa tun zango na farko nake bin wasan barkwancin nan na gidan haya, nan unguwar Yelwa a Garwa ta Kamaru muke shimfiɗa tabarma tsakar gida bayan isha'i a fito da tele waje saboda zafi, har maƙwabtanmu Fulani da Hausarsu ba ta gama nuna ba suna zuwa su zauna, don abin da ake yi a ciki ba ya buƙatar tafinta, rigimar kuɗin haya ce da layin famfo da bashin mai kanti, abin da kowa ya sani a gidansa.

Sai ga wannan zangon. Tsohon nan mai gidan haya da ko tari ya yi sai kowa ya fashe da dariya, an wayi gari babu shi, an ce wai ya yi tafiya, shi ke nan, ko sallama ba a bari ya yi da mu ba. Aka kwashe sauran aka kai su wani katafaren gida mai tayil da kujerun alfarma, to me ya rage? Wa zai yi faɗan bokiti a gidan da ruwa ke zuwa har banɗaki? Matar nan mai ƙosai da bakinta ya fi reza yanzu ta koma riƙe kwalin madara tana juya shi gaban kamara, talla a tsakiyar magana, talla kafin a fara, talla bayan an gama. Kuma zolaya ɗaya ce ake ta maimaitawa, kurman da ke jin magana a baibai, sati biyar a jere! Sai su sako dariyar na'ura a kai, mu kuma muna zaune shiru muna kallon juna.

Abin da ya fi ƙona min rai ku masu shirin nan ba ku san wahalar da muke sha kafin mu gan ku ba. Watan Maris zuwa Afirilu zafin Garwa yana haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, kuran, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa, in an ɗauke dab da lokacin shirin sai in sa forfe, wato data, na sefa jaka guda mu taru mu takwas kan waya ɗaya a YouTube, ga abonema, kuɗin kallon tele na wata, da na riga na biya. Duk wannan don a nuna min rabin awa na tuna baya da abin da na riga na kalla bara?

Ranar Asabar Inna ta naɗe tabarmarta tun ba a kai rabi ba, ta ce ɗana wannan ba mutanenmu ba ne, ta shige ɗaki. Ita da ba ta taɓa bari ya wuce ta ba.

Don Allah ku dawo mana da tsohon nan, ku mayar da su gidan hayarsu da famfonsu guda ɗaya. In ba haka ba ƙarshen watan nan ba zan sabunta abonema ba, na rantse.