"Ai ya amsa da bakinsa"

Duk lokacin da na ga an zaunar da samari a ƙasa gaban kyamara, ba ko riga a jikinsu, ana cewa sun amsa laifinsu, sai labarin wani yaro ɗan Ingila ya faɗo mini a rai.

A 1983 da kuma 1986 aka yi wa 'yan mata biyu fyaɗe aka kashe su a ƙauyukan Narborough da Enderby, kusa da birnin Leicester. Kowacce shekarunta 15. 'Yan sanda suka cafke wani yaro ɗan shekara 17, suka titsiye shi da tambayoyi har ya ce shi ya kashe ta biyun, amma ya kafe bai taɓa ta farkon ba. Don a ɗora masa duka biyun sai aka kai maniyyin da aka samu a jikin gawarwakin wurin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, malamin da ya gano a 1984 cewa kowane mutum da irin tambarin da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, wato DNA, in ban da tagwaye masu kama ɗaya. Sakamako ya fito: mutum ɗaya ne ya yi aika-aikar biyu, kuma ba yaron nan ba ne.

Jama'a, a karon farko da gwajin DNA ya shiga binciken kisan kai, wanda ya amsa laifi da bakinsa ya wanke!

Daga nan aka ɗebi jinin maza sama da 5,000 a yankin. Mai laifin, Colin Pitchfork, mai gasa burodi, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Sai abokin ya yi suɓutar baki a mashaya, wata mata ta ji ta kai rahoto. A 1988 aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai.

Yaro ya amsa kisan da bai yi ba bayan an titsiye shi da tambayoyi. To ina ga wanda ya sha kulki? A Najeriya muna da dokar hana azabtarwa tun 2017, amma har gobe shari'o'i da yawa a kan takardar iƙirari suke tsayawa, mu kuma a Facebook mun gama yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba.

Ban ce gwajin ba ya kuskure ba. A Jamus an shafe shekaru ana farautar wata mata da aka ga DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, har a Faransa da Ostiriya. A 2009 aka gano ma'aikaciya ce a kamfanin da ke yin audugar ɗaukar samfurin. In hannu bai tsarkaka ba, na'ura ba ta da yadda za ta yi.

Nan ne zuciyata ke ƙuna. Cibiyar DNA da Jihar Legas ta buɗe a 2017 an ƙone ta a tarzomar Oktoban 2020. A gidajenmu kuwa kunya ce ke cinye hujja. A unguwarmu an taɓa lalata wata ƙaramar yarinya. Uwar, tana kuka, ta yi mata wanka da ruwan zafi, ta jiƙa zanen da siket ɗin a bokiti da sabulu, sai washegari aka tafi asibiti. Wallahi ban ga laifinta ba, babu wanda ya taɓa gaya mata cewa shaidar tana jikin zanen nan. An kama wani almajiri, aka ce ya amsa. Har yau in na wuce ƙofar gidan sai in tambayi kaina ko shi ɗin ne.