Farfaganda Ba Ta Tsoron Digirinka

'Yan uwana matasa, akwai wani cika baki da nake yawan ji a tsakaninmu: "Ni ai na yi karatu, ba mai juya min tunani." Mu rage wannan magana. Mai farfaganda bai damu da yawan iliminka ba. Abin da yake kamawa shi ne tsoron da kowa ke da shi na a ce ya fita daban.

A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya zaunar da ɗalibai, ya nuna musu layuka a kan kati, ya ce su faɗi waɗanda tsawonsu ya zo ɗaya. Tambaya ce da ƙaramin yaro zai amsa. Sai dai an haɗa baki da duk waɗanda ke ɗakin su ba da amsar da ba ita ba, in ban da mutum ɗaya da bai san dawan garin ba. Kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun bi bakin taro aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin gaskiya. Ba wanda ya zare musu ido, ba wanda ya ba su toshiyar baki.

To ina ga an mayar da ƙasa guda irin wannan ɗaki? Abin da Goebbels, ministan farfagandar gwamnatin Hitler, ya yi ke nan a Jamus daga 1933, da ya sa aka ƙera rediyo mai arha don murya ɗaya ta shiga kowane gida.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na Ruwanda. Mutum ba ya wayar gari haka kawai ya ɗauki adda ya nufi maƙwabcinsa. Sai an fara cire maƙwabcin daga sahun mutane. Gidan rediyon RTLM ya fara aiki a 1993 da kiɗa da barkwanci, matasa na sonsa, yana kuma kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Aka yi ta dariya har kunne ya saba. A 1994, cikin kwana ɗari, aka kashe mutane kimanin 800,000, kuma da yawa daga masu kisan gani suke kare kansu suke yi. Imaninsu bai gudu rana ɗaya ba, a hankali aka lallaɓa shi ya yi barci.

Yau ma ba a buƙatar gidan rediyo. Mutum ɗaya zai buɗe asusun bogi ɗari, ka duba waya ka ɗauka duniya ce ta yi ittifaƙi. A 2018 kamfanin Facebook da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana tunzura jama'a a Myanmar.

Don haka idan labari ya sa jininka ya tafasa tun kafin ka kai ƙarshensa, dakata, ka tambayi wa zai ci riba da fushinka. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da neman bayani kafin mu cutar da wasu cikin jahilci. Idan ka ji an laƙaba wa wata al'umma sunan dabba ko na cuta, kada ka taya dariya, ko da abokinka ne ya faɗa.

Kuma ka buɗe baki ka ce ba haka ba ne. Asch ya sake gwajin, ya sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi amsar gaskiya, sai bin bakin taron ya ragu ƙwarai.