Kafin a ɗora wa Hausa laifi, a leƙa aji uku

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, aka koma Turanci tun daga ajin farko. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen gida. Ban gamsu ba. Tsarin da aka soke sai a ƙarshen 2022 aka amince da shi, zamanin Ministan Ilimi Adamu Adamu, alhali waɗanda suka rubuta WAEC a 2025 tun wajen 2019 suka bar firamare.

Wani zai ce ai tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a koyar da harshen uwa a azuzuwan farko. Haka ne, a takarda. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar aji uku a makarantar gwamnati ya san abin da ake yi. Malam ya rubuta jimlar Turanci a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi har sai sun haddace, sannan ya ɗan fassara da Hausa. Ka ware yaro guda, ka nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar jimlar, sai ya yi tsuru-tsuru. Wannan yaron ba a koya masa karatu da Hausa ba, ba a kuma koya masa da Turanci ba.

Abin da ke damuna shi ne sauƙin da muke zubarwa. Rubutun Hausa kusan yadda ake furta shi haka ake rubuta shi. Yaro in ya san baƙi da wasali, ya iya haɗa gaɓa, ya bambance b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, to da ya haɗa "ra" da "go" ya san me ake nufi, don yana ganin rago a gidansu. Daga nan malam zai iya shiga ainihin aikin, wato fahimta: ya ba su ɗan labari, ya tambaya me ya sa uwar ta yi fushi, me suke jin zai biyo baya, wa zai maimaita labarin da bakinsa. A harshen da yaro bai ji ba, waɗannan tambayoyi ba su da mai amsawa. An ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon harshe da koyon karatu, kuma sau da yawa malamin ma Turancinsa bai nuna ba.

An gwada wannan hanya tuntuni. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A baya-bayan nan an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, aka horar da malamai aka raba littattafan Hausa. Rauninsu shi ne da kuɗin 'yan waje aka tafiyar da su.

Iyaye masu son 'ya'yansu su ji Turanci suna da gaskiya, da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. A koyar da shi da baki tun aji ɗaya, a ƙara masa lokaci kowace shekara. Amma firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take. Gwamnonin Arewa na iya sa hukumomin ilimin matakin farko na jihohinsu, wato SUBEB, su ware darasin karatun Hausa kullum daga aji ɗaya zuwa uku, su buga wa kowane yaro littafinsa da kuɗin jiha, kuma a ƙarshen kowane zango a zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya su karanta ɗan labari su faɗi abin da suka fahimta.