Marsandin Alhaji da makaniken da kunnensa ya fi kwamfuta

Jiya da la'asar, a wani gareji da ke bakin hanyar Jos a nan Bauchi, an wulaƙanta dattijo mai furfura a gaban yara masu koyon aiki. Tsohon ma'aikaci ne, ya haɗa garatutinsa ya sayi Marsandi E350 ƙirar 2006, 'yar Beljiyam. Motar ta fara maƙalewa a giya ɗaya, in an kashe an sake tayarwa ta saki, can a kan hanya ta sake. Sati uku ke nan tana kwance a ƙarƙashin dogonyaro.

"Ɗana, ka ce man giya ne, na biya. Ka ce fulogi ne, na biya. Yau kuma mene ne?"

Makaniken na zaune a kan tsohuwar taya yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. "Giyabos ne ya tafi, Alhaji. Sai an sa wani. Miliyan ɗaya da dubu 200, ban da kuɗin aiki."

"Ka sa mata kwamfuta ka ga haka?"

Sai ya waiwayi yaransa ya yi dariya, su ma suka taya shi. "Alhaji, kunnena ya fi kwamfuta. Shekarata 12 ina sauke inji."

"To ka ba ni tsofaffin kayan da ka cire in gani."

Nan ne ya sa waya a aljihu, ya dubi sa'ar mahaifinsa sama da ƙasa. "Ka ga Alhaji, motar manya ce wannan. In ba ka da ƙarfinta ka sayar ka sayi Corolla. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya ce Allah Ya kyauta.

Madalla da wannan kunne mai albarka! Kunnen da ya ji fulogi a ciwon giya. Ga abin da bai jiyo ba. Giyabos ɗin wannan mota 722.9 ne, mai giya 7, kuma ciwonsa sananne ne: a cikinsa akwai faifan lantarki da masu sana'a ke kira kondakta filet, ɗauke da sensocin da ke auna gudun juyawa. In sensa ta fara mutuwa, mota takan kulle kanta a giya ɗaya don kada ta ci kanta. Minti goma na kwamfuta sun isa a ga lambobi irin su 0717, 0718, 2767 ko 2768. Ana gyara faifan motar a mayar, ko a sa wani a yi masa kodin, wato a daidaita shi da motar ta kwamfuta, kuma kuɗin ba ya ko kusantar na giyabos guda. Abin takaicin ma, ko Alhaji ya biya miliyan ɗin, giyabos ɗin wata mota ba zai motsa tasa ba, domin faifan a ɗaure yake da na'urar tsaron motar da ya fito daga cikinta. Sai a dawo a ce masa birenbos ne, wato kwamfutar motar.

Man giyar da aka karɓi kuɗinsa fa? Wannan giyabos ba shi da sandar auna mai. Ta ƙasa ake ɗura shi da famfo, a daidaita shi lokacin da zafinsa ya kai digiri 45, kuma mai lamba 236.14 yake sha, ja. Na bayan tsakiyar 2010 su kuma shuɗi suke sha, 236.15, ba a gauraya su. Me aka zuba wa ta Alhaji? Abin da ake zuba wa Golf da Sharon ɗin haya, daga jarka marar suna.

Kuma ana kukan targaɗe ne, karaya na tafe. Injin wannan mota, M272 na farko-farko, na wajen 2005 zuwa 2007, haƙoran giyar da ke jikin balans shaf ɗinsa, sandar da ke rage girgizar inji, ba su da ƙwari, suna cinyewa, sarƙar inji ta yi sako-sako, fitilar inji ta kama da lamba P0016 ko P0017. Kayan ba su ne abin tsoro ba, aikin ne: sai an sauke inji gaba ɗaya, kwana da kwanaki. Wanda bai sani ba zai yi ta sauya maka sensar kamshaf har aljihunka ya bushe. Birkinta kuma SBC ne, na lantarki, famfonsa yana ƙirga taka birki, in ya cika adadi ya rubuto maka jan gargaɗi. Kamfanin da kansa ya daina sa shi a wannan samfurin a 2006. Yaron da zai sauya takalmin birki bai kashe wannan na'ura ba, wani ya buɗe ƙofa famfo ya tashi, yatsunsa ne a ciki. Masu shokozobar iska kuwa sun san safiyar da za ka fito ka tarar mota ta durƙusa kamar raƙumi: balan-balan ya tsage, kwamfireso ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. 'Yan C300 kada su yi dariya, makullin sitiyarinsu na lantarki yana jiran ranarsa, ka sa makulli mota ta yi maka shiru a tsakiyar Wunti.

A kan duk wannan sai a ƙara da gyaran gangar Auzinawa. Mota ta ɗan yi zafi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, inji ya daina kaiwa zafin da aka ƙera shi a kai, ya koma zuƙar fetur. A cika lagireto da ruwan rijiya. Indomin salansa kuwa, wato abin tace hayaƙi da ke cikinta, in ka bar mota ta kwana, Allah kaɗai Ya san ko za ka same shi. Injin nan lita 8 na baƙin mai yake ci, mai lamba 229.5. Galan biyu ke nan, kuma galan biyu na gaske sun haura dubu 70 da aka yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Shi ya sa jabu ya cika kasuwa, ba mai kamawa.

To wa ya kai mu nan? Wa ya sa wanda ya shekara 35 yana bauta wa gwamnati ba zai iya sayen komai ba sai motar da Bature ya gama yayinta? A garin nan aka kafa Steyr ana harhaɗa manyan motoci da taraktoci, a Kaduna ana fitar da Peugeot sabuwa fil. Yau ko wayar sensa sai an aika Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ka biya kuɗin mota, ta iso ba ita ba ce, mai kaya ya ce ba a mayarwa. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuɗin kwastan ya yi ta hawa. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kowane ƙusa na motar nan kuma da dala ake shigo da shi. Hanyar Gombe ta Alƙaleri ta ci ƙafar mota nawa? Kwalejojin koyon sana'a suna nan da tsohon injin kafireto, yara na fitowa ba su taɓa riƙe na'urar duba mota ba. Kowa ya samu sifana biyu da inuwar bishiya ya zama injiniya, babu lasisi, babu inda za ka kai ƙara. Mu ma da namu: mutum zai zuba miliyoyi a mota don a gan shi a wurin ɗaurin aure, amma ya ji ƙyashin kuɗin sa mata kwamfuta kafin ya biya.

Alhaji dai ya nemi a ba shi makullinsa zai kira janwe. Makaniken ya ce sai ya biya kuɗin kwanan mota na sati uku tukuna. Da babbar rigarsa ya tsaya a bakin titi yana tsayar da Keke Napep.