Ginin da ya tsayar da ni a Samaru

Na raka ƙanwata rajista Jami'ar Ahmadu Bello, na bar ta a layi, ni kuma na shiga yawo a ƙafa. Tun daga babbar ƙofa ta titin Sakkwato ake hango dogon benen majalisar jami'a, inda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto. Ni ma na ɗauka, ba zan ɓoye ba. Na wuce ta gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na ɗan zauna a inuwa kusa da mutum-mutumin da ɗaliban zane suka sassaƙa. Wata mai sayar da awara ta ce min, "Malam, baƙo ne kai ko? 'Yan makaranta ba sa kallon sama haka."

Amma abin da ya riƙe ni shi ne filin wasan kwaikwayo mai ginin ƙasa. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara shi a shekarun 1970 lokacin yana koyarwa a nan, aka gina shi da ƙasa irin ta gidajen birnin Zazzau: ɗakuna zagaye, fili a tsakiya, ado a jikin bango. Na ɗora tafin hannuna a bangon da rana tsaka. Wallahi sai na tuna zauren kakana, inda ake shimfiɗa tabarma a watan Afrilu ba fanka, kuma barci ya ɗauke mutum.

Ga abin da ke cina. Jami'ar da aka buɗe a 1962 da sunan Sardauna ta yarda ginin ƙasa ya zauna kusa da na siminti, ba ta ji kunya ba. Mu kuwa da ɗan kuɗi ya shigo hannu, sai mu rushe soron gado, mu kafa bulo, mu rufe da kwano, mu manna gilashi, sannan mu kwana muna tsine wa zafi da kuɗin man janareta. Magina masu tubali da azara suna tsufa, 'ya'yansu sun koma achaɓa.

Na sani, ginin ƙasa na son yaɓe bayan damina, wahala ce. To fentin bulo kyauta ake yi?

Ƙanwata ta kira ni ta gama. Na ce ta same ni can, ta ce ba ta ma san wurin ba.