Karen da Aka Mayar Bayan Kwana Tara

Makon jiya wasu iyali suka mayar da kare wata cibiyar karɓar karnuka a nan arewacin Ingila, kwana tara da ɗaukarsa. Tsohon karen tsere ne, irin wanda ake kira Greyhound, baƙi, dogo, mai tsukakken ciki, shekararsa 5. Laifinsa, an rufe shi shi kaɗai tun safe har la'asar, ya yi ta kartar ƙofar kicin har faratansa suka yi jini. Ana cikin karɓarsa wani dattijo mai aikin sa-kai, da ya ji daga Najeriya na fito, ya ce ai mu a can ba mu san horar da kare ba, sai jifa. Maganar ta yi mini zafi, domin rabinta gaskiya ce.

Bari in fara da rabin da ya yi gaskiya. Mutanen nan sun daɗe a wannan aiki. Gidan karnuka na Battersea a Landan tun 1860 yake, ƙungiyar Dogs Trust kuma tun 1891. Mu mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan busasshen ake tanƙwarawa, kuma yana tanƙwaruwa. Karen tsere yakan bar fili yana shekara 4 ko 5, alhali yana iya kai 12, kuma duk rayuwarsa a keji ya yi ta cikin 'yan'uwansa. Bai taɓa hawa bene ba, bai san ƙofar gilashi ba, sai ya kai mata karo. Ƙarar injin shara kaɗai ta isa ta sa shi karkarwa.

Kwanakin farko ba a koya masa komai. Likitan dabbobi ke fara duba shi, musamman haƙora da ƙafafu, domin kare mai ciwo yana cizo, kuma horo ba ya maganin ciwon haƙori. A yi masa rigakafi, a yi masa fiɗiya, a duba 'yar na'urar nan ta gane kare da mai shi, mai girman ƙwayar shinkafa, da ake sa wa a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, wadda doka ta wajabta tun Afrilun 2016. Sannan a gwada halinsa: yaya yake in an matso kusa da kwanon abincinsa, yaya yake da ƙananan karnuka, da yara, da kyanwa. Gwajin kyanwa da takunkumi da igiya ake yi, domin karen da ke gudun kusan kilomita 70 a awa, in ya zabura babu mai cim masa.

Horon kansa ba ya wuce minti biyar a zama ɗaya, sau biyu ko uku a yini. Lada ɗan yankin nama ne kamar ƙwayar wake, kuma cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da yin abin da ake so ake ba shi. In aka yi jinkiri, ba zai gane dalilin ladan ba. Wajen koyon bahaya, ana fita da shi da ya farka, da bayan ya ci, da kuma duk awa ɗaya ko biyu, a wuri guda. In ya yi a ɗaki ba a dukansa, domin abin da duka ke koya masa shi ne ya ɓuya bayan kujera ya yi. A wanke wurin da sabulun da ke kashe warin gaba ɗaya, in ba haka ba hancinsa zai mayar da shi nan.

Takunkumi ba a ƙaƙaba masa. Ana shafa abinci a cikinsa, a riƙe, shi da kansa zai zura hanci. Sai an yi kwanaki a haka kafin a ɗaure maɗaurin na daƙiƙa biyar, a kwance, gobe a ƙara. Dole ya zama mai kama da kwando, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa, tunda ta haki kare ke rage zafin jiki. Abin wuya kuma faffaɗa ake sa masa, wanda yatsa biyu za su shiga ƙarƙashinsa, domin kansa bai kai wuyansa kauri ba, na gama-gari zamewa yake. Bene matakala ɗai-ɗai, da nama a kan kowace. Akwai kuma abu biyu da ake nanata wa mai ɗauka: kada a taɓa shi yana barci sai an kira sunansa ya farka, kuma kada a hukunta shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Wanda aka hana gurnani, gaba cizo zai yi ba sallama.

Duk wannan na yarda da shi, kuma da ma a ce yaran unguwanninmu sun san ko da batun gurnanin nan kaɗai. Amma dattijon nan bai taɓa ganin fitar mafarauta da rani ba. Bai ga kare ya bi sawun gafiya, a yi masa fito ɗaya daga nesa ya juyo ba. Wa ya koya masa? Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malamai kuma suka fayyace horarre: in an aike shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. Wannan shi ne kira da tsayawa da ake biyan fam-fam a koya a nan. Karen Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, in ka ajiye shi kusa da baƙin karen nan, sai ka ce wa da ƙane ne. Abin da muka gaza a kai, a ganina, rigakafi ne. Jifan da ake yi tsoron haukan kare ne ya haife shi, cutar da Ingila ta rabu da ita a jikin karnukanta tun tuni. Ga allurar ana yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, amma karnuka nawa ke samu? Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira alama.

Darasin da ya fi cin lokaci a cibiyar shi ne wanda aka tsallake wa baƙin karen: zama shi kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana farawa da ɗaukar makulli a ajiye ba tare da an fita ba, a sa takalmi a koma a zauna, har waɗannan alamu su daina tayar masa da hankali. Sai a fita daƙiƙa goma a dawo kafin ya fara kuka, sannan minti ɗaya, biyar, rabin awa, cikin makonni. In ya firgita, a koma matakin baya. Ko bayan ya ƙware, ƙungiyoyin nan suna cewa kada ya wuce awa huɗu.

Ku da ke gida, wannan darasi babu mai buƙatarsa a wajenku. Yaushe gida ke zama babu kowa awa huɗu? In maigida ya fita akwai mata a tsakar gida, akwai yara, akwai awaki, akwai mai sallama a zaure, wani zai jefa masa ƙanzo. Karenmu yana kwana a waje, ba ya hawa kujera, amma yana da aikin yi, kuma bai san shirun gida ba. A layin da nake, ƙarfe takwas na safe ƙofofi sun gama rufewa. Akwai wata tsohuwa a gida na uku da ba ta samun mai ƙwanƙwasa mata ƙofa daga Lahadi zuwa Lahadi, ita ce ta je ta rubuta sunanta tana neman a ba ta baƙin karen. An ce ta jira a gama koya masa bene, domin ɗakin kwananta a sama yake.